Yaya zan haɗa lissafi, kimiyya da Faransanci cikin aiki guda a ajin CM1?

Malamar CM1, birnin Maradi:

Assalamu alaikum, malamai da iyaye da ke wannan zaure. Ina koyarwa a ajin CM1, wato aji biyar na firamare, a wata makarantar gwamnati cikin birnin Maradi, kuma bana yara 78 aka damƙa mini. A taron ƙara wa juna sani na malamai (CAPED) na ƙarshe da muka yi kafin babban hutu, mai ba mu shawara kan koyarwa ya daɗe yana bayani a kan tsarin da malami zai ɗauki aiki guda na zahiri, yara su yi makonni suna gudanar da shi, har lissafi da kimiyya da Faransanci su shigo cikinsa da kansu, maimakon kowane darasi ya zo ya wuce shi kaɗai. Maganar ta zauna mini a rai, domin na gaji da ganin yaro ya haddace ƙa'idar rabawa ranar Litinin, ranar Alhamis kuma in tambaye shi ya zuba mini ido kamar yau ya fara jin ta.

Sai dai na taɓa gwadawa, kuma ban ji da daɗi ba. Bara na kafa ɗan lambu a bayan aji, muka shuka salati da tumatir da yakuwa, ina zaton lissafin faɗin fangali da darasin tsirrai za su fito daga nan. Abin da ya faru shi ne, yara maza biyar ko shida masu ƙarfi suka zama ƴan ga-ruwa, ƴan mata suka zama masu shara, sauran kuma suka samu filin wasa. Da muka tafi hutun ƙarshen Disamba babu mai ban ruwa, awakin unguwa kuma suka samu kafa a jikin darni, muka dawo muka tarar da ƙasa tsirara. Ko da na duba littattafan rubutun yara, ban ga layi ɗaya da lambun ya haifar ba, ga shi na yi baya da kusan makonni biyu a manhaja.

Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su ba ni haske. Wane irin aiki ya dace da aji mai yawan yara haka, a makarantar da ba ta da kuɗi kuma ruwan famfonta ba kullum yake zuwa ba? Kuma idan sufeto ya shigo ya tarar ba na kan shafin da jadawali ya ce, me zan nuna masa? Ba na so in sake ɓata wa ƴaƴan mutane lokaci da sunan sabon salo.

Tsohon darakta mai ritaya, Tibiri:

Wa alaikumus salam, ƴata. Abin da ya samu lambunki ya samu namu tun kina ƙarama, a lokacin da ake kiran irin wannan aiki APP, wato ayyukan hannu da na samarwa. Mun yi lambu, mun yi kiwon kaji, a wata makaranta har jar akuyar Maradi muka ajiye, kuma sau da yawa abin yakan ƙare ne da yara suna aikin ƙarfi yayin da malami ke zaune a inuwa. Na daɗe kafin in gane inda matsalar take. Lambu wurin aiki ne, amma babu tambaya a cikinsa. Yaron da ya tashi a Tarna ko Jiratawa ya san cewa idan an shuka an ba da ruwa tsiro zai fito, saboda haka babu abin da yake ɗokin ganowa, kuma yaron da ba ya ɗokin amsa ba zai ƙirga ba, ba zai auna ba, ba zai rubuta ba, sai an tsaya a kansa.

Abu na biyu shi ne kalandarmu. Makaranta na buɗewa a Oktoba, lokacin da ake cikin kaka, ta rufe a Yuni, lokacin da ruwa ke sauka. Ma'ana duk rayuwar gero daga shuka zuwa girbi tana wucewa ne muna hutu. Wanda zai zaɓi aiki sai ya dubi abin da ke faruwa a gidajen yara tsakanin Oktoba da Mayu, kuma abin da ke faruwa a lokacin shi ne ajiya da sayarwa.

Shawarata ita ce ki ɗauki wake. Kowace uwa a ajinki ta san takaicin buɗe buhu a bazara ta tarar ƙwari sun mayar da waken gari da ramuka, kuma kowane uba ya san cewa saboda tsoron haka manomi ke sayarwa da arha a kaka. Ki rubuta tambaya ɗaya a saman allo, ki bar ta a nan har ƙarshen aikin: wace hanya ce ta fi kare wake daga ƙwari? Ki bari yara su fara gardama, domin wani zai ce toka, wani ya ce yashi, wata ta ce kakarta barkono take sawa, wani kuma ya ce a toshe bido kawai. Kada ki raba gardamar, ko da kina ganin kin san amsa. Ki ce kowa ya rubuta hasashensa da dalilinsa, a ajiye takardun.

Daga nan ki raba su rukuni takwas, kowane rukuni da gorunan roba huɗu masu girma ɗaya: ɗaya wake zalla an ɗaure bakinsa da ƙyalle, ɗaya da toka, ɗaya da yashi, ɗaya kuma an rufe shi ruf. Duk mako a ɗebo ƙwaya 100 daga kowace gora, a ƙirga masu rami, a rubuta a jadawali. Ki lura da abin da ya shigo ba tare da kin jawo shi da igiya ba. Ƙirga masu rami cikin 100 shimfiɗa ce ga darasin kashi cikin ɗari, wanda yara da yawa ke tuntuɓe a kansa a CM2. Auna waken farko da na ƙarshe ya kawo kilo da giram da ragewa. Zanen ƙwaron da bin rayuwarsa darasin kimiyya ne da ke cikin manhajarki. Idan kuma yara suna kawo farashin tiyar wake daga kasuwa kowane mako, za ki samu jerin lambobin da suka fi na littafi rai, kuma ranar da suka ɗora tiya a kan sikeli suka ga ta wannan mai awo ba ta yi daidai da ta wancan ba, sun fahimci dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kilo fiye da yadda bayanin baki zai fahimtar da su.

Game da Faransanci, ki tura su su tambayi tsofaffi da Hausa, su dawo su ba da labari da Hausa, sannan a zauna tare a mayar da shi jimloli biyar ko shida na Faransanci. Tun 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram ake nuna mana cewa yaro ya fi saurin rubuta abin da ya riga ya fahimta da harshensa. Kuma ki tanadi masu sauraro tun daga farko. A makarantar horon malamai an karantar da mu labarin Freinet, malamin ƙauye a Faransa wanda a shekarun 1920 ya shigo da ƙaramar na'urar ɗab'i cikin ajinsa don rubutun yara ya fita waje a karanta shi. Ke ba ki buƙatar na'ura. Ki gaya wa yara cewa a ƙarshe iyayensu mata za su zo, su ne za su tsaya su yi musu bayani da alkaluma. Za ki ga yadda rubutu ke gyaruwa.

Sufeto kuwa takarda yake so ya gani, kuma yana da gaskiya. Ki ɗauki manhaja, ki fitar da darussan da aikin ya ƙunsa, ki rubuta makon da kowanne zai zo, ki nuna wa daraktanki ya sa hannu kafin ki fara. Sa'a biyu a mako sun isa. Sauran darussa su ci gaba yadda suke, kada ki ce sai tarihin daular Songhai ya shiga cikin gorar wake.

Malamin lissafi a kwaleji, yankin Agye:

Baba darakta, Allah ya ƙara girma, na amfana da bayaninka, amma ina so in taɓa wurin da ka wuce da sauri, wato yadda za a tabbatar kowane yaro ya koya. Rukunin yara goma a ajin Malama yana nufin biyu za su yi aiki, uku su taya su da baki, biyar kuma su zama ƴan rakiya, kuma idan aka ba rukuni maki ɗaya an rufe wannan gaskiyar ke nan. Ni na daina ba rukuni maki gaba ɗaya. Kowane ɗalibi yana da nasa jadawalin a littafinsa da rubutun hannunsa, aikin ƙirga da na awo da na rubutu suna zagayawa duk mako, kuma ranar bayani ni ke zaɓen wanda zai tashi, ba rukuni ba. A jarrabawar ƙarshen zango kuma nakan ɗauki alkaluman da suka tattara da kansu in gina tambayoyi a kansu, kowa ya amsa shi kaɗai. A nan ake gane wanda ya fahimta.

Malama, akwai wata taska a cikin farashin da Baba ya ambata. Yaro zai dawo daga kasuwa ya ce miki tiya dala ɗari da hamsin ce, alhali littafi na son ya rubuta 750, domin dala ɗaya tamma biyar ce. Wannan yaron yana ninka lamba da biyar a kansa kullum ba tare da ya san sunan abin da yake yi ba, kuma yarinyar da ke talla da yamma ta fi ni saurin mayar da canji. Ki ba wa wannan juyi tsakanin dala da tamma da jika darasi guda cikakke, za ki ga waɗanda kike ɗauka raunana ne a lissafi sun ɗaga hannu.

A kwaleji wahalarmu daban ce, domin kowane fanni da malaminsa da sa'arsa, kuma haɗa malamai huɗu a kan aiki ɗaya ya fi haɗa kan ƴan gado wuya. Na gwada da huɗu ya watse, na koma mu biyu, ni da malamin kimiyyar rayuwa da ƙasa, ya tafi daidai. Tambayarmu ita ce: gonakin garinmu sun fi yawan itace yanzu ko a zamanin kakanninmu? Ɗalibai suka auna fili mita 50 a kan 50 a gonaki daban-daban, wanda shi ne rubu'in hekta mai murabba'in mita 10,000, suka ƙirga gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, suka ninka da huɗu. Tsawon manyan itatuwa kuma da inuwa muka auna shi, muna kwatanta ta da inuwar sanda mai mita ɗaya, kuma ban taɓa ganin ƙa'idar Talas, wato ƙa'idar lissafi ta daidaiton rabo tsakanin tsawo da tsawo, ta shiga kan ɗalibai da sauƙi irin na ranar ba. Abokin aikina ya ɗauki batun gawo, yadda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da yadda yake ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tarihi ya shigo da kansa ta bakin tsofaffi, waɗanda suka ba su labarin yunwar 1984 da yadda gonaki suka zama fayau, da yadda sassabin zamani ya fara a nan jihar Maradi a farkon shekarun 1980, lokacin da wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututtukan da ake sarewa duk shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, abin da suke buƙata kawai a rage tohonsu a bar masu ƙarfi su girma. Ɗalibai da yawa sun shiga aikin suna rantsuwa cewa itace raguwa yake yi, abin da tsofaffi suka faɗa musu ya sa suka koma suna sake duba alkalumansu.

Uwa, mamba a kwamitin kula da makaranta, unguwar Zariya:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ba malama ba ce, amma ina da yara uku a firamare kuma ina zama a kwamitin makarantarmu, saboda haka zan faɗi abin da ke damun iyaye. Don Allah kada ki ce kowane yaro ya zo da wake daga gida. A birni ba kowa ke noma ba, akwai gidan da tiya guda abincin kwana biyu ce, kuma yaron da ya zo hannu wofi a gaban ƴan'uwansa ba zai manta kunyar ba. Ki kawo maganar gaban kwamiti da ƙungiyar iyaye mata, tiya huɗu ko biyar ba za su gagare mu ba idan an yi mana bayani tun da wuri. Abin da ke ɓata mana rai shi ne a aiko yaro da saƙon kuɗi ba tare da mun san dalili ba.

Na ji daɗi da Baba bai kawo shawarar suyar ƙuli-ƙuli ko wani aikin wuta ba, domin na ji wasu malamai suna sha'awar hakan saboda lissafin riba. Mu a Maradi ba mu manta gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta cinye azuzuwan zana ta tafi da yara ƙanana fiye da 20. Duk aikin da zai kawo wuta kusa da aji, ni ba zan sa hannu a kansa ba. Tokar ma a kawo wadda ta kwana ta huce sarai, a tankaɗe ta a gida.

Ma'aikacin gona, Madarunfa:

Ina neman afuwar Baba darakta, akwai gyara guda a tsarin gorunan wanda idan ba a yi shi ba sakamakon zai yaudari yara. Gorar da aka rufe ruf tana kashe ƙwari ne saboda su da tsutsotsinsu suna shaƙe iskar da ke ciki har ta ƙare musu. Idan ana buɗe ta duk mako don ɗibar ƙwaya 100, ana ba su sabuwar iska ke nan, kuma a ƙarshe yara za su yanke hukuncin cewa rufewa ba ta da amfani. Mafita ita ce a cika ƙananan goruna da yawa har baki, a ɗaure murfin da leda, a rubuta wa kowace ranar buɗe ta, wadda aka buɗe kuma ta fita daga gwaji. Wannan hikimar ce ke cikin buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu bincike na INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, a nan Maradi kuma suna cikin waɗanda suka gwada shi da manoma. Idan aka samu buhu ɗaya aka nuna wa yara bayan sun ga sakamakonsu, za su gane shi da kansu.

Dole ne kuma dukan waken ya fito daga buhu ɗaya a gauraya shi sosai kafin a raba, in ba haka ba ba za a san ko bambancin daga hanyar ajiya yake ko daga waken ba. Ƙwarin sukan biyo wake tun daga gona. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwayar, ɗan farin ɗigo da ido ke iya gani, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci, sannan ta fito a matsayin ƙwaro ta bar ramin nan mai zagaye. Da zafi zagayen yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu, da sanyin hunturu kuma yakan ja lokaci, saboda haka ƙirga duk mako zai gundure yara a Disamba da Janairu. Sau ɗaya a mako biyu ya fi, kuma a bar aikin ya kai Maris. Toka kuma sai ta yi yawa take aiki, awo ɗaya na toka ga awo ɗaya na wake, barbaɗawa sama-sama ba ta hana komai.

Gargaɗi na ƙarshe: wani yaro zai ce mahaifinsa ƙwayar magani yake jefawa cikin buhu, har ya yi tayin kawowa. Kada ta shigo makaranta ko kusa. Iskar da take fitarwa guba ce mai kashe mutum a ɗaki rufaffe.

Malamar CM1, birnin Maradi:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka, Allah ya saka da alheri. Na zauna da manhaja jiya da dare, na samu darussa tara na lissafi da kimiyya da rubutu da za su shiga aikin ba tare da tilas ba, kuma darakta ya amince in gabatar da maganar a taron kwamiti mai zuwa kamar yadda Hajiya ta unguwar Zariya ta ce. Na rage hanyoyin zuwa uku, wake zalla da toka da rufewa ruf, domin goruna huɗu sau takwas da ƙarin ƙananan da za a riƙa buɗewa sun fi ƙarfin kabad ɗin ajina. Yashi da barkono zan bar wa rukunin da ya nace a kansu, su kawo gorunansu. Shawarar Malamin lissafi ta hana makin rukuni ma na ɗauka, ko da yake ina tunanin barin ɗan kaso kaɗan ga tsabtar jadawalin rukuni, don kada masu ƙoƙari su daina taimakon na baya.

Sikeli ne ban samu ba tukuna, amma akwai mahaifin wata ɗalibata mai shago da nake sa ran zai ara mana nasa ranar farawa da ranar rufewa. Tambayata ta ƙarshe ga Malam na Madarunfa ita ce: ajina rufin kwano ne, daga Fabrairu yakan yi zafi sosai da rana, kuma taga ɗaya rana na shigowa ta cikinta har kan kabad. Shin hakan zai ɓata gwajin?

Ma'aikacin gona, Madarunfa:

Zafin ɗaki ba zai ɓata shi ba, Malama, muddin dukan gorunan suna wuri ɗaya suna shan zafi iri ɗaya. Hasken rana kai tsaye ne abin gudu, domin gorar da rana ke duka tana iya yin zafin da zai kashe ƙwarin cikinta, sai a ɗauka toka ce ko rufewa ta yi aikin. Ki sa su a ƙasan kabad ko cikin kwali a kusurwar da rana ba ta kaiwa, ki ɗora kwalin a kan bulo saboda gara da ɓeraye, kuma kafin hutun Disamba ki sa yara su duba murafen ɗaya bayan ɗaya su rubuta ranar da suka duba.